Kiwon Lafiyar Iyali: Gashin Asibiti Daban, Gashin Gida Daban

  

A wannan wata za mu tattauna ne a kan kalma guda ɗaya wadda take jawo wa mata asara ba tare da sun ankara ba, wato kalmar gashi. Idan mace ta shafa mamanta ta ji ƙullutu, a Kazaure take ko a Babura ko a ƙauyukan Roni da Gwiwa, shawarar farko da takan samu daga makusanta ita ce ta gasa wurin da tsumma da ruwan zafi. In bai baje ba a kira wanzami ya yi sakiya, ko a yi lalas, wato a ɗana ƙarfe mai zafi a wurin. To kuma sai ga shi a asibiti ma ana cewa an tura wance Zariya a yi mata gashi, ga kuma labarin da ke yawo cewa Turawa da kansu suna kashe ciwon daji da zafi. Daga nan sai wata ta ce ai duk tafiyar ɗaya ce, me zai sa ta kashe kuɗin mota. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Abubuwa uku ne mabambanta suke amsa suna ɗaya, kuma sanin bambancinsu yana iya zama sanadin tsirar rai.

Na farko shi ne gashin gida da muka sani. Na biyu shi ne gashin asibiti, wanda duk da sunansa babu zafi a cikinsa ko kaɗan. Wani haske ne mai ƙarfi, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, da ake saita shi a kan ƙarin ya ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin cutar, kuma a lokacin da ake yin sa mara lafiya ba ta jin komai. Na uku shi ne ɗumama ƙari da na'ura zuwa wani awo ƙayyadadde domin a taimaka wa hasken da magani su yi aiki. Wannan na ukun gaskiya ne akwai shi, amma sai da aka shafe shekaru ana auna shi a ɗakin gwaje-gwaje.

Yarda da zafi a matsayin magani ba mu kaɗai muke da ita ba. Wata tsohuwar takardar likitanci ta ƙasar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta ambaci ƙona kumburin ƙirji da wuta. Hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas ya lissafa lalas a cikin hanyoyin waraka, amma a cikinsa ɗin Manzon Allah (SAW) ya hana al'ummarsa yin sa. Shahararren likitan tiyata na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya yi dogon bayani a kan lalas a littafinsa At-Tasrif, to amma da ya zo kan ciwon daji sai ya nuna cewa ana iya cire shi ne tun yana ƙarami, in ya tsufa ya girma kuwa shi bai taɓa warkar da irinsa ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. A shekarar 1866 wani likitan Jamus mai suna Busch ya ba da labarin wata mata da ƙarin da ke fuskarta ya motse bayan ta sha fama da zazzaɓi mai zafi. Daga 1891 kuma wani likitan Amurka, William Coley, ya riƙa sa wa masu ciwon daji ƙwayoyin cuta da gangan don su yi zazzaɓi. Wasu sun sami sauƙi, wasu ba su samu ba. Abin da ya gagari dukansu shi ne awo: zafi nawa, na tsawon wane lokaci, kuma a kan wane irin ciwo.

Hanyar awon ta buɗe ne a shekarar 1951, lokacin da aka ɗebi ɗan nama daga jikin wata Ba'amurkiya baƙar fata, Henrietta Lacks, mai fama da sankarar bakin mahaifa a asibitin Johns Hopkins. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, kuma ba a nemi izininta ba kafin a yi amfani da naman, abin da har yau ake sukar likitocin a kansa. Amma ƙwayoyin halittar da aka samu daga jikinta sun ci gaba da hayayyafa a cikin kwalba, su ne ake kira HeLa. A 1956 wasu masana biyu a Amurka, Puck da Marcus, suka yi amfani da su suka fitar da hanyar ƙirga yawan ƙwayoyin da ke tsira bayan an haska musu hasken gashi. Nijeriya ma tana da hannu a wannan fage, domin a 1963 a Badun wani masani mai suna Pulvertaft ya raya ƙwayoyin sankara daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11, waɗanda ake kira Raji, kuma har yanzu ana aiki da su a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya.

Yadda ake gwajin bai da wuyar fahimta ga duk wadda ta taɓa ganin manomi yana gwada iri kafin damina. Yakan ɗebi ƙwayar gero ɗari ya jiƙa, ya ga nawa za su tsiro. Haka masana suke ƙirga ƙwayoyin sankara su zuba a ƙananan faranta masu ruwan abinci. Faranti na farko ba a yi masa komai, shi ne ma'auni. Na biyu a tsoma shi a ruwan ɗumi mai digiri 42 ko 43 na tsawon awa guda. Na uku a ɗiga masa magani. Na huɗu a haska masa haske. Sauran kuma a haɗa musu biyu-biyu, sannan a haɗa wa wani duka ukun. Daga nan a mayar da su akwatin ɗumi mai digiri 37, wato daidai ɗumin jikin mutum, a bar su kwana 10 zuwa 14. Duk ƙwayar da ta tsira da ƙarfinta za ta yi ta rabuwa har ta zama ɗan gungu. Sai a zuba rini a ƙirga gungunan, kuma ba a lissafa gungu sai ya kai ƙwaya 50. Ƙwayar da take raye amma ta kasa hayayyafa, a wurin likita tamkar matacciya ce, domin hayayyafar ita ce ciwon.

Ga misali don a gane lissafin, ba wai sakamakon wani gwaji ba ne. A ce haske shi kaɗai ya bar 50 cikin 100, zafi shi kaɗai kuma ya bar 80 cikin 100. Idan kowanne aikinsa kawai yake yi, in an haɗa su 40 ya kamata su rage. To idan aka ƙirga aka tarar 10 ne suka rage, an san ke nan ɗaya yana ƙara wa ɗaya ƙarfi. Irin wannan ƙarin ƙarfi ne masana suka yi ta gani tun daga shekarun 1970, suka kuma bi diddigin dalilansa.

Dalili na farko shi ne gyara. Hasken gashi yana kashe ƙwayar sankara ne ta hanyar tsinka zaren gadon da ke cikinta, wanda ake kira DNA, ita kuwa ƙwayar tana da masu ɗinki da ke hanzarin gyara ɓarnar. Zafi yana sangartar da waɗannan masu ɗinki. A shekarar 2011 masana a ƙasar Holan suka nuna cewa ɗumin da bai wuce digiri 41 zuwa 42 da rabi ba yana rushe ɗaya daga cikin manyan sinadaran gyaran, mai suna BRCA2. Dalili na biyu, tsakiyar babban ƙari ba ya samun jini sosai, don haka iskar oksijin ta yi ƙaranci a wurin, kuma ƙwayoyin da ke irin wannan wuri suna jure wa haske har ninki biyu zuwa uku. To su ne kuma zafi ya fi yi wa illa, bugu da ƙari ɗumi matsakaici yana buɗe hanyoyin jini, oksijin da magani su sami shiga. Na uku, akwai wani mataki a rayuwar ƙwaya, lokacin da take kwafar zaren gadonta kafin ta rabu biyu, da take da taurin kai ga haske amma take da rauni ga zafi. Na huɗu, wasu magunguna kamar cisplatin da mitomycin sun fi shiga ƙwaya su yi ɓarna idan da ɗumi, alhali wasu magungunan ɗumin bai ƙara musu wani abin kirki.

Gwajin ya kuma bayyana sharuɗɗa masu tsauri, kuma nan ne nake so uwargida ta natsu. A 1984 Sapareto da Dewey suka tsara ƙa'idar cewa daga digiri 43 zuwa sama, ƙarin digiri ɗaya tak yana rage lokacin da ake bukata da rabi. Ma'ana kuskuren digiri biyu ko uku ya isa ya mai da magani ƙuna, ko ya mai da shi aikin banza. An kuma gano cewa dole zafin da hasken su zo kusa da juna, domin in an bar sa'o'i da yawa a tsakani ƙwayar ta riga ta gama ɗinkinta. Abu mafi ban mamaki shi ne, ƙwayar da aka ɗumama ba ta mutu ba takan ƙera wa kanta wasu sinadaran kariya, ta yi kwanaki tana jure zafin da a da zai kashe ta. Saboda haka ne a asibitocin da ake wannan aiki ba a ɗumama ƙari kullum, sai sau ɗaya ko sau biyu a mako.

Sai dai faranti ba mutum ba ne, ba shi da jini, ba shi da fata, ba ya jin ciwo. Don haka bayan an gwada a kan dabbobi sai aka koma kan marasa lafiya da yardarsu, ana raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A wani gwaji da aka yi a Holan aka bayyana a shekarar 2000, an duba mata 114 masu sankarar bakin mahaifa da ta yi nisa. A cikin waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, ƙarin ya ɓace gaba ɗaya a jikin kashi 57 cikin ɗari, a waɗanda aka haɗa musu da ɗumi kuwa kashi 83. Bayan shekara uku, kashi 27 na rukunin farko ne ke raye, a rukuni na biyu kuwa kashi 51. A 1996 an tattara gwaje-gwaje biyar a kan sankarar mama da ke kusa da fata, aka sami kashi 59 a kan kashi 41. A 2018 kuma, a Holan ɗin dai, aka nuna cewa wanke cikin ciki da ruwan cisplatin mai ɗumin digiri 40 na minti 90 a lokacin tiyata ya ƙara wa masu sankarar ƙwan mace kusan shekara guda a tsakaicin lissafi.

Ba kowane gwaji ne ya yi nasara ba. Wanda hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ɗauki nauyi a ƙasashe da dama, aka bayyana a 2005 a kan mata 110, bai nuna wani amfani ba, kuma masana da yawa sun danganta hakan da cewa zafin bai isa cikin ƙarin yadda ya kamata ba. Wannan darasi ne babba. Likitoci masu na'urar miliyoyi, masu tura zafi da igiyar rediyo, masu sa ma'aunin zafi a cikin jiki kusa da ƙarin, masu sanyaya fata da jakar ruwa don kada ta ƙone, su ma wani lokaci zafin yakan ƙi isa inda ake so. To ina ga tsumma da tafasasshen ruwa?

Allah Ya halicci jikinmu da tsarin riƙe ɗuminsa. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana a Babura yake haura digiri 40, cikin jikin mai lafiya yana nan a 37, domin jini da gumi suna kwashe zafin. Haka in kin ɗora tsumma mai zafi a mama, fata ce take sha, jini ya kwashe sauran kafin ya kai ga ƙullutun. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, tafasasshe kuwa 100 ne, ƙarfen sakiya da ya yi ja kuma ya haura 500. Abin da yake bari shi ne gyambo a kan ƙari, irin wanda ba ya warkewa, ya yi ta ruwa da wari, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ya kuma wahalar da likitan da zai yi tiyata daga baya. Sannan ko a faranti, zafi mataimaki ne kawai. Wadda take gashi a gida ta ɗauki ɗan rakiya ta bar mai tafiyar. Mun kuma san yawan zafi ya taɓa cutar da mu ta wata fuskar, domin tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta da yawan shan kunun kanwa.

Babbar asarar ma ita ce ta lokaci. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na shekarar 2022 ya nuna sama da mutum 127,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya a shekarar, kusan 32,000 na mama ne, sama da 13,000 kuma na bakin mahaifa. Mafi yawan matanmu suna isa asibiti ne bayan ciwon ya yi nisa, kuma watannin da suka salwanta sau da yawa a wurin gashi da shafe-shafe da jiƙe-jiƙe suka tafi. Abin da Az-Zahrawi ya lura da shi shekara dubu da suka wuce bai canza ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To me ya kamata ki yi? Idan kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko kan maman ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ki je babban asibitin Kazaure ko na Babura, ko asibitin da ya fi kusa da ke, a cikin makon. Yawancin ƙullutun mama ba sankara ba ne, saboda haka zuwan ya fi kusa da kawo miki kwanciyar hankali. Mai shayarwa da mamanta ya kumbura aka ba ta magani bai saɓe ba cikin mako ɗaya zuwa biyu, ta koma a sake dubawa. Haka nan zubar jini bayan saduwa da maigida, ko a tsakanin al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari. Da yawanmu mukan tambayi malam hukuncin salla da irin wannan jini, hakan daidai ne, amma a haɗa da tambayar likita dalilin zubarsa.

Idan likita ya ce za a ɗebi ɗan nama a auna, kada ki tsorata da zancen nan na cewa daji ba ya son allura. Abin mamaki ne a guji siririyar allura mai tsabta a miƙa jiki ga ƙarfen wuta. Wannan awon, wanda ake yi a manyan asibitoci irin su asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, shi ne kaɗai yake tabbatar da ko sankara ce, da irinta, da maganin da za ta ji. Ki karɓi takardar sakamakon ki adana ta kamar yadda kike adana sarƙarki.

Ginshiƙan maganin su ne tiyata da allurar kemo da gashin asibiti. Tun a 1999, bayan gwaje-gwaje biyar, hukumar sankara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa haɗa cisplatin da gashi ga masu sankarar bakin mahaifa, kuma wannan shi ne tsarin da likitoci suke bi. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato sun daɗe da sashen gashi, a watan Yulin 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiyar sankara a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, wadda ba ta yi wa mutanen Gwiwa da Roni nisa ba. Kafin a kama hanya a sa likitan da ya tura ku ya bincika inda na'ura take aiki a lokacin. A kuma tambayi ofishin walwalar marasa lafiya game da tallafi, domin a 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na masu sankarar mama da bakin mahaifa da mafitsarar maza a wasu asibitoci shida, ciki har da na Shika.

In an fara gashi, a daure a kammala. Na bakin mahaifa yakan ɗauki wajen mako biyar ana yi kwana biyar a mako, sannan a ƙara da na ciki, kuma ana so a gama duka cikin mako takwas. Ki tuna da farantin nan, ƙwayar da aka raunana aka ba ta hutu takan gyara kanta ta ci gaba da hayayyafa. Wadda ta ji sauƙi a mako na uku ta gudo gida ta ba ciwon wannan hutun ne. Kada kuma a ɗora ruwan zafi ko man zafi a fatar da ake haskawa. A nan ne muke roƙon iyayenmu maza da mazajenmu, izinin fita da kuɗin mota da mai zama da yara na mako shida ko bakwai su ma suna cikin maganin. Mu kuma mata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ƙungiyoyin Islamiyya da na adashe suna iya ɗaukar nauyin jinyar 'yar'uwa guda, kamar yadda muke haɗa gudummawar biki.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Tun watan Oktoban 2023 aka shigar da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV, mai haddasa kusan dukan sankarar bakin mahaifa, cikin alluran da gwamnati ke bayarwa kyauta ga 'yan mata, aka fara da masu shekara 9 zuwa 14, kuma Jigawa tana cikin jihohin farko da aka fara da su. Allura ɗaya ce. Uwargida ta tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu ko 'yarta ta isa karɓa, ita kuma ta nemi a duba mata bakin mahaifa ko da ba ta jin ciwon komai.

Duk wanda ya zo miki da maganin daji, na wuta ne ko na kwalba, ki tambaye shi a ina aka gwada shi, a kan mutum nawa, kuma nawa ne suka rayu bayan shekara uku. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah Ya kare mu da zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa.